Korau da Tsirkiyar Rana

Masu ba da labari sun ce a zamanin da ƙarfe ke da wuya, har ana gadon fartanya kamar yadda ake gadon gona, an yi wani maƙeri a Gangaren Tama mai suna Korau. Allah bai ba shi haihuwa ba. Daga shi sai matarsa Tasalla, mace mai ƙarancin magana, wadda ke zauna masa a bakin zuga-zugi tun suna da ƙuruciya har furfura ta fara leƙo musu tare.

Wata rana da rana tsaka yana haƙar tama a bayan wani tsauni, sai wani ɗan haske kamar ƙwayar gero ya faɗo daga sama ya shige cikin dunƙulen tamar da ke gabansa. Dunƙulen ya ɗauki ƙugi kamar amya. Dagin da ke hannun Korau ya fizge kansa ya je ya manne a jikin dunƙulen. Korau ya ja da baya yana neman tsari, sai ya ji wata siririyar murya daga ciki.

"Ya kai ɗan Adam, ɗauke ni ka ɓoye. Sunana Zuƙau. Baƙo ne ni daga nesa, ba na cin hatsi, ba na shan ruwa. Ka bar mini wannan dunƙule ya zama masaukina, ka riƙa ba ni ƙarfe ina lasa, ni kuwa in nuna maka duk inda tama ta kwanta a ƙarƙashin ƙasa."

Korau bai tambaye shi daga ina yake ba, bai kuma tambayi abin da ya koro shi ba. Ya naɗe dunƙulen a buzu ya kai gida.

Baƙon ya cika alkawari. In Korau ya rataye shi da igiya, sai ya juya ya nuna inda za a haƙa, kuma ba a taɓa haƙawa an tashi a banza ba. Maƙerar Korau ta daina hutawa. Shi kuma dunƙulen kullum sai ƙara nauyi yake, saboda duk ƙarfen da aka jingina masa sai ya shanye shi, har ya kai ƙato biyu ba sa iya ɗaga shi. Tasalla ba ta son sa. Ta ce da rana tsaka takan ji yana kuka ƙasa-ƙasa, allurarta kuma takan miƙe tsaye a kan faifai ba wanda ya taɓa ta. Korau ya ce mata mayen ƙarfe ne kawai, kada ta damu. Don ya faranta mata, ya ɓalli wani gutsure daga jikin dunƙulen ya ƙera mata munduwa mai sheƙi, ya liƙe bakinta a wuyan hannunta yadda ba za ta faɗi ba. Tasalla ta karɓa don ba ta saba mayar masa da kyauta ba.

Ana nan, ran nan tana shanyar dawa a tsakar gida, rana ta take tsaka, sai hannunta mai munduwa ya ɗaga sama da kansa. Ta yi ɗage, ƙafafunta suka bar ƙasa. Ba ta yi ihu ba, cewa kawai ta yi, "Maigida, hannuna." Korau ya fito a guje ya cafki bakin zanenta, zanen ya yage a hannunsa. Yana ji yana gani ta wuce tsawon rumbu, ta wuce tsawon kuka, ta zama ɗigo a cikin idon rana, har hawaye suka hana shi gani.

Ya koma maƙera ya ɗauki masaba ya tsaya a kan dunƙulen, ya ce ko ya faɗa masa inda matarsa take, ko ya farfasa shi. Zuƙau ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, sannan ya yi magana.

"A fuskar rana aka haife ni. Ku daga nan kuna ganinta sumul kamar tasa, amma ƙasa ce mai tafasa. Mu ƙananan halittunta biyu-biyu muke ɓullowa daga ƙarƙashi, ɗaya mai hurawa, ɗaya mai zuƙa, da tsirkiyar haske a tsakaninmu ta lanƙwasa kamar baka. Abin da ɗan'uwana Hurau ya hura, ni nake zuƙewa. Kwananmu bai kai na furen kabewa ba. Duk lokacin da mai hurawa ya taɓa mai zuƙa, su biyun sun ƙare, sai walƙiya ta tashi a gurbinsu. Ni na ƙi wannan rabo, na gudo. Hurau yana jan tsirkiya yana nemana, na yi masa nauyi, sai ya jawo gutsuren gidana da ka ɗaura wa matarka."

Ya ƙara da cewa tana da rai, don yana jin bugun zuciyarta ta cikin tsirkiya. Amma in Korau ya kashe shi, tsirkiya ta tsinke, Hurau ya mutu, ita kuma ta nutse cikin wuta. Korau ya ce to zai mayar da shi inda ya fito. Zuƙau ya ce masa da ba'a, kafin ya kai rabin hanya ya zama toka, sai fa in ya sami rigar Uwar Raɓa, ita kuwa Kwarin Masu, kwarin makamai, shi ne ya raba ta da mutane, ba kuwa wanda ya taɓa ratsa shi da ƙafafunsa.

Korau ya ajiye masabar. Ya tara gawayi a kan dunƙulen ya yi ta zuga shi kaɗai, har ƙarfen ya yi ja ya yi laushi, baƙon ya rasa wurin maƙalewa ya fito. Wanda ya zo kamar ƙwayar gero yanzu ya kai ƙwan zabo. Korau ya kife shi da ƙahon rago ya toshe da katako. Ya cire duk wani ƙarfe daga jikinsa, ya ɗauki doguwar igiyar rama da sandar gora, ya nufi gabas.

Tafiyar ba ta yi sauƙi ba. Tun da Zuƙau ya rabu da nauyin gidansa, duk sa'ad da rana ta take tsaka sai ƙahon ya nemi tashi sama da Korau gaba ɗaya. Dole ya ɗaure kansa a gindin itace har rana ta karkata, igiya tana cin naman ƙugunsa. Ya wuce garuruwa, ya wuce rugage, ya shiga dajin da ba sawun kowa, har ya iso bakin Kwarin Masu.

Nan ne duk ƙarfen da ya taɓa shan jini yake zuwa ya kwanta. Masu da kibau da wuƙaƙe da takubba sun cika kwarin daga wannan gaɓa zuwa waccan, sun yi tsatsa, sun yi shiru. Da Korau ya matso da ƙahon, sai dukansu suka ɗago kai lokaci guda kamar karan gero bayan girbi, tsininsu ya juyo gare shi. Zuƙau ya ce masa ya koma tun yana da fata a jikinsa. Korau ya zauna ya yi nazari. Can ya ɗaura ƙahon a ƙarshen igiyarsa, ya warware ta duka, ya riƙe ɗaya bakin ya shiga kwarin yana jan ƙahon daga nesa a bayansa. Makaman suka tashi kamar fari, suka wuce ta gefensa da ta kansa suna bin ƙahon. Waɗanda ke kan hanyarsa ba su kauce masa ba. Wata kibiya ta tsaga masa kunne, wani mashi ya yanke masa cinya, wata tsohuwar wuƙa ta huda tafin hannunsa na dama ta fita ta baya. Bai tsaya ba. Da ya haura ɗaya gaɓar, makaman suka zube a bakin iyakarsu, don ba a ba su izinin fita ba, ya jawo ƙahonsa yana jan ƙafa.

A bayan kwarin ya tarar da wata fadama mai sanyi, hazo ya lulluɓe ta. Wata doguwar tsohuwa tana tafe a cikin ciyawa da ƙwarya, tana tsince raɓa ɗigo-ɗigo. Gashinta jiƙe yake, idanunta ba su da baƙi. Korau ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi buƙatarsa.

"Na ji ka, ɗan Adam," in ji Uwar Raɓa. "Rigata ba a sayenta, musanya ake yi. Sanyin da zan ba ka na sauran rayuwarka ne, zan tattaro shi wuri guda in saƙa maka. In ka dawo, inuwa ba za ta ƙara sanyaya maka jiki ba, ruwan randa kuma a bakinka kamar an sauke shi daga murhu. Ka yarda?"

Ya ce ya yarda. Ta shafa hannunta a goshinsa, ya ji wani abu ya zare daga jikinsa. Ta saƙa rigar a gabansa da yatsunta, fara sol kamar yanar gizo, ta sa masa, ta tsoma igiyarsa da gorarsa da ƙahon a cikin ƙwaryarta. Kafin ya tafi ta gargaɗe shi. Ta ce a fuskar rana akwai Baƙaƙen Birane inda manyan aljanu ke yaƙi da guguwar wuta, kowa su yake tsoro, amma su ana hango su daga nesa a kauce. Inda matarsa take shi ne Filin Shiru, inda ba guguwa ba ƙara, kuma ƙananan abubuwa ne ke kisa a can.

Da rana ta take tsaka, Korau bai ɗaure kansa ba. Ya rungume ƙahon a ƙirji, ya yi bisimilla, ƙasa ta sake shi.

Ya wuce tsuntsaye, ya wuce gajimare, shuɗin sama ya ƙare ya koma baƙi. Rana ta yi ta faɗi har ta daina zama abu a sama, ta zama ƙasa a ƙarƙashinsa. Suna gab da sauka Zuƙau ya yi wata fizga a cikin ƙahon, ya karkatar da su, suka faɗi nesa da inda tsirkiya ta nufa.

Korau ya miƙe ya duba. Ƙasar fara ce, tana tafasa kamar talge a tukunya, amma ba ko ƙara. Tudu yakan kumburo daga ƙasa, girmansa ya fi gari, ya baje, ya huce, gefensa ya gangara ya nutse cikin wasu kwaruruka masu duhu, wani tudun ya taso a madadinsa. Can nesa ya hango wani Baƙin Birni, harsunan wuta suna dukan juna a kansa. Amma a nan inda yake, ko'ina ƙananan bakuna ne na haske suna tsirowa kamar shuka bayan ruwan farko. A gindin kowane baka akwai halitta biyu, ɗaya tana hurawa, ɗaya tana zuƙa. Tafasar ƙasa tana raba su, tana tura kowa gefe, tana kora su zuwa kwari. Can a kwarin, in mai hurawa ya gamu da mai zuƙa, ko da ba ɗan'uwansa ba ne, sai su ruga wa juna kamar masu marmari, walƙiya ta tashi, wurin ya zama wayam. Korau ya tsaya yana kallon haihuwa da mutuwa ba iyaka, ba mai kuka, ba mai binnewa.

Rigar raɓa ta sa jikinsa ya yi sakayau, taki ɗaya yakan kai shi nisan da doki zai gaji. Ya koyi taka tudu yana tasowa, ya bar shi kafin ya nutse. Amma gangaren ya rinjaye shi, ya zame ya faɗa wata mahaɗar kwaruruka. Nan ya tarar da wani curi mai haske kamar tarin garwashi. Masu zuƙa ne da suka rabu da 'yan'uwansu, suka manne da juna don su daɗe, har suka zama dattawan wurin. Da murya ɗaya suka yi magana.

"Maraba da baƙon da bai ƙone ba. Mun ji ƙanshin namu a cikin ƙahonka, ya yi ƙiba irin wadda ba mu taɓa gani ba. Ba mu shi ya shiga cikinmu, mu rayu har mu ga abin da kakanninmu ba su gani ba. Matar da kake nema ta daɗe da zama hayaƙi. Ka karɓi ɗaya daga cikinmu ka koma gida, ya nuna maka tama har ka mutu."

Zuƙau ya sa baki daga cikin ƙahon, ya ce gaskiya suka faɗa. Amma Korau yana rungume da ƙahon, kuma ta jikinsa yana jin wani ɗan bugu a hankali, wanda ba na zuciyarsa ba ne. Ya ce musu a'a.

Dattawan suka ce ashe bai sani ba, jinin ɗan Adam ma akwai ƙarfe a cikinsa. Suka fara zuƙa. Raunukan Korau suka buɗe, jini ya riƙa fita siriri-siriri kamar zare yana tafiya wurinsu. Ganinsa ya fara dushewa. Da ya ga zai mutu a nan, sai ya sassauta toshin ƙahon kaɗan. Jan Zuƙau ya fita ya game filin, ya fi na dattawan nesa ba kusa ba. Duk wani mai hurawa da ke kewayen ya taho a guje ba da son ransa ba, manya da ƙanana, har da waɗanda yanzu suka tsiro ba su ko miƙe ba. Korau ya mayar da toshi, ya yi tsalle ya kama gefen wani tudu mai tasowa. Taron ya afka wa dattawan. Walƙiya ta bi walƙiya har kwarin ya zama fari fat. Korau ya waiga sau ɗaya, hasken ya shiga idonsa na hagu, bai ƙara gani da shi ba.

Da ya lafa, ba dattijo ko ɗaya, ba mai hurawa ko ɗaya. Korau ya zauna a kan tudun, abin da ya aikata ya yi masa nauyi. Zuƙau ya ce a hankali, yanzu ya ga abin da ya gudar wa.

Daga nan muryar baƙon ta sauya. Ba'a ta ƙare, sai roƙo. Suna tafe yana tuna wa Korau arzikin da ya jawo masa, yana cewa bai taɓa nufin matarsa da sharri ba, yana tambaya ko wanda ya guje wa mutuwa laifi ya yi. Korau ya ci gaba da tafiya. Rigar raɓa ta fara ɓulewa a kafaɗa, fatarsa tana tashi a wurin.

"Ba ka yi laifi ba da ka gudu," ya ce daga ƙarshe. "Amma ba kai za a bari a raye ita ta biya ba."

A gefen wani tudu ya sami Tasalla. Tana zaune a cikin wata 'yar rumfa ta haske mai sanyi, hannunta mai munduwa a ɗage, gashinta ya yi fari duka. Kusa da ita ga wani ɗan haske siriri kamar lagwanin da mai ya ƙare masa, shi ke hura rumfar. Tasalla ta ɗago ido ta dube shi, ta dubi idon da ya mutu da hannun da ya huje.

"Maigida, ka rame," ta ce.

Ya yunƙura zai isa gare ta, sai ɗan hasken ya dakatar da shi.

"Tsaya ka ji, ya kai ɗan Adam. Ni ne Hurau. Ɗan'uwana na jawo, sai ga wannan baiwar Allah, ban kuwa san yadda zan mayar da ita ba. Na rufe ta da numfashina don kada ta ƙone, na guje wa duk wanda zai kashe ni, har na zama abin da kake gani. Amma numfashin nan ya zauna a cikin jininta, ba zai fita ba. Ga kuma abin da ya fi wannan. Ɗan'uwana ya yi ƙiba a ƙasarku, ni na rame. In mun haɗu, daidai da ni ne kawai zai mutu a jikinsa. Ragowar za ta nemi mai hurawa mafi kusa, ita ce kuwa matarka, sai fa in ta sami gida kafin ta kai gare ta."

Korau ya tambaya wane irin gida, tunda ba dunƙulen tama a nan. Hurau ya ce jinin mutum yana iya riƙe ta. Amma wanda ya ɗauke ta ya zama mai zuƙa har ya mutu, matarsa kuwa mai hurawa ce. Za su riƙa jan juna, ranar da fatarsu ta haɗu kuwa, abin da ya gani a kwari shi zai same su.

Tasalla ta ce kada ya yi, ya koma gida, ita ta riga ta saba da wurin. Korau ya san ƙarya take yi don ta tsirar da shi. Ya miƙa mata bakin gorarsa ya ce ta riƙe da hannu biyu, kome ya faru kada ta saki, kada kuma ta matso. Hurau ya ce haɗuwarsu za ta tayar da maɓuɓɓugar wuta, su bar ta ta ɗauke su. Sannan Korau ya zare toshin.

Zuƙau ya fito ya yi yamma da gudu, tsirkiya ta dawo da shi. Ya yi ta turjewa yana kiran ɗan'uwansa, yana neman afuwa, yana roƙon a ƙara masa ko da kaɗan ne.

"Na gaji, ɗan'uwana," in ji Hurau. "Zo mu huta."

Suka haɗu. Hasken da ya tashi ya fi duk na baya. Munduwar ta narke daga hannun Tasalla ta zube kamar toka. Daga cikin hasken wani jan garwashi ya fito ya nufi ƙirjinta kamar kibiya. Korau ya tare shi da tafin hannunsa mai rauni ya dunƙule. Ya ji shi ya shiga ta hujin, ya bi damtse, ya haura kafaɗa, ya sauka a ƙirjinsa ya zauna. Nan take gorar da ke tsakaninsu ta yi ƙara, don wani ƙarfi ya fara jan su zuwa ga juna. Ƙasa ta tsage a ƙarƙashinsu, maɓuɓɓugar wuta ta yi sama da su.

Sun daɗe suna faɗowa, kowa riƙe da bakin gora. Wani hadari ya tare su, suka sauko tare da ruwansa, suka faɗa cikin taɓon wata fadama. Ragowar rigar raɓa ta narke a jikin Korau. Suka kama hanyar gida, ita a gaba, shi a baya, gora a tsakani. In za su huta sai su sa kututturen itace a tsakaninsu. In ta yi tuntuɓe, sai dai ya tsaya yana kallo har ta tashi da kanta.

Mutanen Gangaren Tama sun fito tarye su da murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Korau yana shiga ƙofar gari wuƙaƙe suka fita daga kubensu, allurai suka tsinke daga tufafi, wani lauje ya taso daga kafaɗar mai shi ya sare shi a haƙarƙari. Ko kusa da maƙerarsa bai iya zuwa ba. Dattawan gari suka zauna, suka yanke cewa a yi masa bukka a hayin kogi, inda ba gona ba ƙarfe. Tasalla ta ce to ita ma a yi mata tata a wannan gaɓar, daidai inda za ta riƙa hango shi.

Haka suka zauna. Da safe yakan fito bakin ruwa, ita ma ta fito, su gaisa da ɗaga murya, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Takan zuba masa tuwo a ƙwarya, ya jawo ta kan ruwa da igiya. Da cokalin itace yake ci, da dutse yake yanka. Yakan zauna a inuwar tsamiya gumi na zuba, ya sha ruwan kogi ya ji shi da zafi. Da rana ta kusa take tsaka, lokacin da jan ke tsananta, sai ya ɗaure ƙugunsa a gindin tsamiyar, maƙwabta su ma su ɗaure Tasalla a ginshiƙin bukkarta. Igiyoyin biyu su miƙe su yi tauri, kowace ta nuna ɗaya gaɓar, har rana ta karkata. Tun abin yana ba mutane tsoro har suka saba. Korau da kansa ya zo yana jiran lokacin, don shi ne kaɗai abin da ya rage masa mai kama da taɓa ta.

Shekaru suka tafi a haka. Wata damina Tasalla ta kamu da tari. Kogi ya cika ya tumbatsa, ƙugin ruwa ya hana murya haurawa. Ta daina fitowa bakin gaɓa, sai dai ya hango mata suna shiga bukkarta suna fita. Amma kullum da rana tsaka igiya tana miƙewa, shi kuma ya ce alhamdu lillahi.

Ran nan hadari ya washe, rana ta fito tas. Korau ya ɗaure ƙugunsa kamar kullum, ya kafa dugadugansa a ƙasa, ya jira. Inuwar tsamiya ta tattaru a gindinta. Igiyar tana kwance a ƙasa. Ya ce ko bai duba lokaci daidai ba ne, ya ƙara jira. Inuwa ta fara zamewa gabas, igiyar ba ta motsa ba.

Ya kwance ƙullin da hannunsa, ya gangara ya faɗa kogin. Ruwa ya tafi da shi nesa kafin ya kama ɗaya gaɓar, ya tako a ƙafa yana ɗingishi. Matan da ke bakin bukkar suka hango shi, suka yi maza suka kwashe wuƙa da allura suka yi nesa da su, suka buɗe masa hanya.

Tana kwance a kan tabarma, an rufe ta da zane zuwa wuya. Korau ya durƙusa a gefenta. Ya daɗe yana duban fuskarta, don rabonsa da ganinta kusa haka har ya manta tana da ɗan tabo a gefen gira. Sannan ya miƙa hannunsa mai rauni, ya ɗora a kan nata. Ba walƙiyar da ta tashi. Hannun da sanyi, shi ne kuma sanyi na farko da ya ji tun ranar da ya bar fadamar Uwar Raɓa. Ya riƙe shi da hannu biyu, bai saki ba har masu wanka suka iso.